Hannuna ba zai yi allurar ba, amma na san abin da ke sa mutum ya roƙe ta

Assalamu alaikum jama'a. Ni nas ce, a Arewa aka haife ni, a can na yi karatu na yi aiki a asibitin gwamnati shekara da shekaru kafin Allah ya yi mana tafiya Kanada ni da maigidana da yara. Yanzu ina aiki a lardin Ontariyo, a ɓangaren da ake kwantar da waɗanda likitoci suka gama iya yinsu, ba warkewa ake nema ba kuma, sai dai a rage musu zafi a kula da su har lokacinsu ya yi. Na daɗe ina son yin wannan maganar ina fasawa, saboda duk wanda na ɗauko wa zancen a gida kafin in kai tsakiya zai ce a'uzubillahi ai wannan kisan kai ne, shikenan an rufe magana. Toh ni ma ban ce halal bane, kuma ba zan taɓa cewa ba, amma dan Allah ku bar ni in kai ƙarshe.

A ƙasar nan doka ta yarda likita ya yi wa mara lafiya allurar da za ta ɗauke ransa in dai shi mara lafiyan ne ya nema da bakinsa. MAID suke ce wa abin. Ni a satin da ake nuna mana yadda aiki yake na fara jin bayaninsa dalla-dalla, wata babbar nas tana ta zuba bayani muryarta ko rawa ba ta yi, ni kuwa ina zaune cikina ya ɗuri ruwa. A watan Fabrairun 2015 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Carter, tace hana mutum wannan zaɓin tauye masa haƙƙi ne, a watan Yunin 2016 majalisa ta mai da shi doka. Da farko akwai sharuɗɗa masu ɗan tsauri, sai wanda ya kai shekara 18, yana cikin hankalinsa, ciwonsa mai tsanani ne ba ya jin magani, kuma ana ganin mutuwarsa ta ƙarato. Sai a 2019 wata kotu a lardin Kebek tace wannan sharaɗin na ƙarshe bai dace ba, a watan Maris na 2021 aka cire shi, ya zama ko mutum ba mutuwa yake shirin yi ba, in yana da naƙasa ko ciwon da ya hana shi sakat zai iya nema, sai dai shi za a ɗauki aƙalla kwana 90 ana duba lamarinsa. Mutum biyu ne ke tantancewa, likitoci ko manyan nas-nas masu lasisin rubuta magani, ga fom ga shaida ga sa hannu, sannan a tsayar da rana da lokaci. A 2023 kaɗai mutum 15,343 ne suka mutu ta wannan hanyar, wajen kashi 4.7 cikin ɗari na duk waɗanda suka mutu a ƙasar a shekarar. Mafi yawansu tsofaffi ne, kuma mafi yawansu kansa ce ke damunsu.

Tun a satin na je na samu shugabarmu nace mata ni Musulma ce, addinina bai yarda in sa hannu a wannan ba, ba zan saka layin allurar a jijiya ba, ba zan haɗa maganin ba, ba zan tsaya a ɗakin lokacin da ake yi ba. Ba ta yi min musu ba, doka ta ba ma'aikaci damar ya ƙi, amma ta gaya min a fili cewa ba ni da ikon juya wa mara lafiya baya, in ya tambaye ni dole in sanar da waɗanda za su saurare shi, kuma zan ci gaba da kula da shi kamar kowa har wata ta karɓe ni. Na yarda da hakan, kuma a kai nake har yau. Ni ce mai yi musu wanka, mai juya su kar gyambon kwanciya ya kama su, mai ba su maganin zafi cikin dare, in ranar ta zo sai in miƙa wa wata in koma wani ɗakin.

Na farkon da ya tsaya min a rai wani dattijo ne, tsohon manomi, kansar ƙashi ta cinye shi. Zan faɗi gaskiya a kansa saboda ba na so in kawo muku labarin da zai yi daidai da abin da zuciyarmu ke son ji kawai. Mutumin nan ba yasasshe bane. Matarsa kullum tana gefensa, 'ya'ya da jikoki suna ta shige da fice, kuɗi ba matsalarsa bane tunda asibiti ba biya ake yi ba, maganin zafi kuwa muna ba shi yadda ya kamata. Hankalinsa ras. Yakan tambaye ni labarin damina a garinmu, me muke shukawa, ya ake ajiye hatsi, in ina ba shi labarin rumbu da yadda ake sussukar gero sai ya yi ta murmushi. Wata rana da asuba ina gyara masa filo yace min ya san ba zan kasance a wurin ranar Alhamis ba, ranar da aka tsayar za a yi masa allurar da ya nema, kuma bai ji haushi ba, nace masa eh ba zan kasance ba, amma da son raina ne da ka tsaya tare da mu har Allah ya yi ikonsa. Yace shi ya gama, ya ga yadda mahaifinsa ya ƙare kuma ba ya so jikokinsa su riƙe wannan hoton nasa. Ban yi masa wa'azi ba, ba hurumina bane a bakin aiki, na dai riƙe hannunsa na gaya masa cewa ko a yadda yake ɗin nan kwance shi mutum ne mai daraja a idona, kuma wanke shi bai taɓa zame min wahala ba.

Ranar Alhamis ɗin na yi masa wanka da safe, na taje masa kai, matarsa ta kawo rigar da yake so. Ƙarfe sha ɗaya likita ta shigo da jakarta ni kuma na fita. Allurai ne a jere, ta farko ta sa barci, ta biyu ta kai mutum can ƙasa inda ba ya jin komai, ta ƙarshe ta tsayar da numfashi, cikin 'yan mintuna an gama. Ina ɗakin da ke kusa ina canza wa wata ledar ƙarin ruwa ina jin waƙar da suka kunna masa, sai kuma na ji kukan 'yarsa. Wallahi hannuna rawa yake yi. Mutumin da muka yi hira da shi da safe, ya sha shayinsa, ya tambaye ni yarana, an san minti nawa ya rage masa kuma da hannun ɗan Adam aka yanke. Na ga mutuwa ba adadi a aikin nan tun ina gida, amma wannan daban ce, kuma har yau jikina bai saba ba, ina roƙon Allah kar ya saba.

Shi wannan dattijon ba ni da abin cewa a kansa sai dai imanina, rai ba nawa bane ba nasa bane, amana ce. Amma ba duka ne irinsa ba, kuma a nan ne abin yake ci min rai sosai. Akwai wata mata da ba ta ma tsufa can ba, ciwon jijiyoyi ya kwantar da ita a keken guragu, ta zo mana saboda wani ciwon daban kuma ta samu sauƙi, amma komawa gida ya gagara saboda gidan da take haya akwai matakala, mai zuwa taimaka mata awa kaɗan ake ba ta a sati, layin samun gidan da ya dace da ita kuwa ba ranar ƙarewa. Ɗanta ɗaya yana wani lardin, kuma duk maganarta ba ta wuce kar in zame masa kaya. Wata rana cikin dare ta kira ni, na ɗauka ciwo ne, ashe so take kawai wani ya zauna. A nan take gaya min ta fara tambayar yadda ake cike fom ɗin. Nace mata in da za a ba ki gida mara matakala da mai kula da ke kullum fa? Ta yi shiru, can tace ai da ba ta ma yi tunanin ba. Na rubuta maganarta a fayil kalma da kalma, na kai wa likita da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, aka yi ta buge-bugen waya, daga baya aka mai da ita wani wurin kuma labarinta ya yanke min.

Ba ita kaɗai bace. Rahoton da ma'aikatar lafiyar ƙasar ke fitarwa duk shekara yana nuna dalilan da mutanen suke bayarwa, abin da ya fi yawa ba ma zafin ciwo bane, rashin iya yin abubuwan da suke sa mutum ya ji yana raye ne, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku suna cewa suna jin sun zama nauyi a kan iyali. A 2022 ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta amsa da bakinta cewa an kawo wa tsofaffin sojoji huɗu zancen MAID daga bakin ɗaya daga cikin ma'aikatanta, mutanen da taimako suka zo nema. Ƙungiyoyin naƙasassu sun yi ta ihu tun kafin a yi gyaran 2021, kuma a 2025 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin naƙasassu ya nemi Kanada ta soke ɓangaren da ya shafi waɗanda ba mutuwa suke shirin yi ba. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In an fi saurin ba mutum ranar mutuwa a kan a ba shi ɗakin kwana, ni ban ga zaɓi a nan ba, tura shi aka yi.

Toh amma kafin mu ce Allah ya tsare mu da halin Turawa mu gyara zama, bari in gaya muku yadda Innata ta rasu, tun ina gida.

Kansar mama ce. Ta ɓoye ta daɗe saboda kunya, ta yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wannan ya ce sammu ne wancan ya ce daji ne ba ya son ƙarfe ba ya son allura, har sai da wurin ya fashe warin ya fito sannan ta bari na gani. Da muka kai ta asibiti an riga an makara, ya shiga ƙashin baya ya shiga huhu. Aka rubuta mana gashi, wato ƙona kansar da inji, muka yi doguwar tafiya muka tarar injin ya lalace, aka ce mu dawo, muka dawo bai gyaru ba. Wannan duk da sauƙi. Abin da ba zan manta ba shi ne zafin. Ni nas ce, na san maganin da take buƙata, mofin ne, magani mai araha wanda duniya ta sani tun kakanni, amma na zaga kantin maganin asibiti da na cikin gari babu, inda aka ce akwai kuma mai riƙe da makullin ba ya nan, wani likitan ma tsoron rubutawa yake kar a ce ya kashe ta ko ya mai da ita 'yar ƙwaya. Matar da kwanakinta ƙidayayyu ne ake tsoron kar ta saba da magani. Muka koma kan su tiramadol da wata allura da ke ɗan kwantar da ita na awa biyu ta sake ta.

Innata mace ce mai dauriya, ta haifi tara a ɗaki ba wanda ya ji muryarta. Amma a watanninta na ƙarshe maƙwabta suna jin ihunta ta katanga. Tana cizon filo, tana kama ƙarfen gado, in za mu juya ta sai mun yi mu huɗu muna kuka tana kuka. Wani dare ta riƙe min wuyan riga tace, ke ba ma'aikaciyar asibiti bace, ba ki da abin da za ki ba ni in huta gaba ɗaya? Matar da ba ta taɓa barin azumin Litinin da Alhamis ba, mai carbi a hannu ko da yaushe. Nace Inna ki yi haƙuri ki ambaci Allah, tace ina ambatonsa, shi nake roƙo ya ɗauke ni. Masu zuwa dubiya kuwa kowa da abin da yake faɗa, kankarar zunubi ne, Allah yana sonta ne, sai haƙuri, su ajiye lemo da ayaba su tafi su bar mu da daren. Na yarda ciwo kankarar zunubi ne, amma ba a ce mu mu tsaya muna kallo da sunan lada ba alhali Allah ya saukar da abin da zai rage shi. Ko kalmar shahada da ƙyar muka samu ta iya maimaitawa saboda azaba ba ta barinta ta tattara hankalinta.

Shi ya sa in wani a ɗakin nan na Kanada ya ce min yana so ya mutu ba na jin ƙyamarsa, muryar Inna nake ji. Kuma na san da a ce a daren nan akwai fom a kusa da ita da likita mai jaka, ban san me azaba za ta sa ta yi ba, alhali ba mutuwa take so ba, so take zafin ya tsaya. Mu ba mu da dokar allura, a dokokin Najeriya taimaka wa mutum ya kashe kansa laifi ne babba, amma muna da namu abin kunyar, muna barin iyayenmu su mutu suna ihu kuma mun ɗauka hakan shi ne tawakkali.

Abin ya dame ni sosai bayan rasuwar dattijon nan manomi har na kasa barci, sai maigidana ya raka ni wurin wani malami a masallacin da muke zuwa, mutum ne da ya yi karatun fiƙihu kuma ya saba zuwa asibitoci wurin marasa lafiya Musulmi. Nace Allah ya gafarta Malam, ni aikina halal ne kuwa, ina wanke mutum ina shirya shi alhali na san abin da za a yi masa? Kuma mofin ɗin da nake ƙara wa masu gargara, in numfashinsu ya tsaya bayan na ba su fa? Ya zaunar da ni ya rarrabe min abubuwa uku da nake cakuɗawa. Na ɗaya a yi wa mutum abin da zai kashe shi da niyyar ya mutu, ko shi ya roƙa, wannan haramun ne ba saɓani, Allah ya ce kada ku kashe kawunanku, lallai Allah mai jin ƙai ne a gare ku, a cikin Suratun Nisa'i. Na biyu a bar maganin da likitoci masana suka tabbatar ba zai amfana ba, ko a cire injin da ke riƙe da gangar jikin da ƙwaƙwalwarta ta riga ta mutu, wannan ba kisa bane, ciwon ne ya yi ajalinsa, kuma yace majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986 ta yarda da cire injin in likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Na uku a ba mutum maganin zafi gwargwadon zafinsa da niyyar a sauƙaƙa masa, wannan jinya ce kuma akwai lada. Game da wankan kuwa yace kyautata wa mara lafiya ba taimakawa a kan kisa bane, ki tsare hannunki daga allurar ki tsare harshenki daga ƙarfafa masa gwiwa a kai, sauran kuma ki yi da zuciya ɗaya.

Da na ba shi labarin Inna ina kuka, ina tsoron ko maganar da ta yi a daren nan za ta zame mata laifi, sai ya karanto min hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum fatan mutuwa saboda cutar da ta same shi, amma ya ce in ya zama dole to ya ce ya Allah ka rayar da ni matuƙar rayuwa ce ta fi min alheri, ka ɗauki raina in mutuwa ce ta fi min alheri. Yace kin gani, addinin ya san mutum yana kaiwa wannan matsayin, bai kore shi ba, ya ba shi kalmomin da zai faɗa ne ya mai da hukuncin hannun Mai shi.

Ilimin da na samu a wurin aiki ma ya tabbatar min da na ukun nan. Mofin in an fara da kaɗan ana ƙarawa a hankali daidai da zafin ba ya gaggauta mutuwa, abin da ke sa mutanenmu su ce allurar ce ta kashe shi shi ne ba a kawo ta sai mutum ya riga ya kai gargara. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu jiran ajali a Landan a 1967, ita ta koya wa duniya a riƙa ba da maganin a kan lokaci kafin zafin ya dawo, ba a jira sai mutum ya fara ihu ba. Kuma kar wani ya ce wannan sai ƙasar masu kuɗi. A Yuganda wata likita, Anne Merriman, ta fara irin wannan aikin a 1993 da garin mofin da ake damawa da ruwa a zuba a gora a ba mutum ya tafi da shi gida, a 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi saboda likitoci ba sa isa ƙauyuka. A Najeriya ma asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe irin wannan sashen a 2007, a 2012 kuma ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fara haɗa kai da ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka don a shigo da garin mofin. Abin dai bai kai ko'ina ba, ga kuma bala'in shaye-shayen da ya sa aka hana maganin tari mai kodin a 2018, wanda ya ƙara sa kowa tsoron duk wani magani mai ƙarfi, mai shan ƙwaya ya ja wa mai ciwon kansa.

Duk wannan ya zo ya yi min amfani lokacin Baba. Kansar mafitsara ce irin ta maza tsofaffi, ta bazu a ƙashi, ga shekaru sun ja ga zuciya ba ƙarfi. Likitansa mutumin kirki ne amma irin namu, ba ya iya kallon iyali ya ce ba warkewa, sai dai ya ce muna iya ƙoƙarinmu ku ci gaba da addu'a. Na kira shi ta waya nace Dakta ni ma'aikaciya ce, ka gaya min tsakani da Allah, sannan ya faɗa min. Yayanmu babba kuwa ya riga ya sa gonar gado a kasuwa zai kai Baba Indiya. Ba na zarginsa, ƙauna ce, kuma akwai tsoron bakin mutane kar a ce 'ya'yansa suna da hali suka bar shi ya mutu a gida. Nace Yaya kafin a sayar da komai a tambayi mai jikin. Yace ya za a yi a kalli Baba a ce masa mutuwa zai yi? Nace ba mu za mu ce masa ba, Allah kaɗai ya san ranar, amma a gaya masa abin da likita ya gani, shi ya yi mana tarbiyya ba yaro bane.

Na taho gida. Muka zauna ni da Yaya da Baffanmu a gabansa, aka yi masa bayani a hankali. Ya saurara har ƙarshe, sannan yace dama jikinsa ya gaya masa, kuma ba inda za shi, ba ya so ya mutu a ƙasar da ba wanda zai laƙƙana masa shahada a dawo da shi a akwati, yana da basussuka biyu da yake so a biya, akwai ɗan'uwansa da suka yi shekaru ba sa magana yana so a kira masa shi. Abu ɗaya ya roƙa, yace kun ga yadda mahaifiyarku ta yi, in akwai yadda za a yi kar in yi haka a yi. Yaya ya fita waje ya yi kukansa ya dawo ya janye maganar gonar.

Samun mofin ɗin sai da aka sha wuya, wani asibitin koyarwa a wata jihar muka samu mai sashen rage zafi, ƙanina ke zuwa da takardar likita ya karɓo na ruwa a kwalba. Rigimar da ta fi ma a cikin gida take. Gwaggonmu ta tare ni a tsakar gida gaban mutane tace, ke an ce a can inda kike allura kuke yi wa tsofaffi su mutu, shi ne kika zo ki yi wa ɗan'uwana? Maganar ta soke ni ba kaɗan ba. Nace Gwaggo wallahi abin da kika ji gaskiya ne ana yi, kuma ni ban taɓa sa hannu ba, wannan kuma ba shi bane, zo ki zauna ki gani da idonki. Na sa ta ta riƙa ba shi da hannunta a kan lokaci, ina nuna mata awon a sirinji. Da ta ga mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba ya yi barci ya tashi ya nemi kunu, ya yi sallarsa a zaune, ita ce ta koma mai tuna mana lokaci ya yi. Baba ya yi sauran kwanakinsa a ɗakinsa, an biya bashin, ɗan'uwan nasa ya zo sun yafi juna, ya raba abin da zai raba da bakinsa. Zafi bai tafi duka ba, akwai ranaku masu wuya, amma bai yi ihu ba kuma hankalinsa na tare da shi har kusan ƙarshe, Baffa ne ya laƙƙana masa kalmar shahada ya amsa. Allah ya jiƙansa ya jiƙan Inna da duk namu da suka rigaye mu.

Da na koma bakin aiki na zauna da maigidana muka cike takardar da doka ta tanada a Ontariyo, wadda mutum ke naɗa wanda zai yi magana a madadinsa in ya kasa. Na rubuta a ciki ba na son MAID ko wane hali na shiga, kuma kar wani ya kawo min zancen, in likitoci sun tabbatar ba amfani kar a danne min ƙirji kar a ɗaura min inji, a ba ni maganin zafi isasshe ko da zai sa ni barci, a kira min Musulmi ya zauna kusa da ni. Na gaya wa 'yan'uwana na gida su ma don kar wata rana a yi rigima a kaina, kuma ina roƙon duk mai iyaye tsofaffi ya tambaye su abin da suke so tun suna iya faɗa, mai mara lafiyan da ke cikin azaba kuma ya je ya tambayi likita a fili ko akwai sashen rage zafi da mofin, in babu a nan ina ne mafi kusa.

A nan kuma maganar ba ta ƙare ba. An tsara faɗaɗa dokar ta haɗa da waɗanda ciwonsu na taɓin hankali ne ko damuwa kaɗai, an ɗaga sau biyu, a 2024 aka mai da shi watan Maris na 2027. Kebek kuwa tun watan Oktoban 2024 ta fara karɓar buƙatar da mutum zai rubuta tun yana da hankali, irin masu ciwon mantuwa, a yi masa allurar daga baya lokacin da ba ya ma gane kowa. Ni da wasu abokan aikina, akwai Kirista 'yar Filifin akwai wata ma da ba ta bin kowane addini, mun rubuta wa ɗan majalisar yankinmu cewa ba mu yarda ba, kuma mun nemi a ƙara gadaje da ma'aikata a ɓangarenmu da masu zuwa gida kula da marasa lafiya, don akwai garuruwa da yawa a ƙasar nan da mai jiran ajali ba ya samun irin kulawar da muke bayarwa. Ya amsa mana da takarda cewa ya gani, muna shirin zuwa ofishinsa mu same shi ido da ido.